Tsokar da Na Binne a Toranke

Mun tashi da asuba daga Toranke, ni da Baba da yayana, za mu Kano a duba gefen harshen Baba, inda aka yanke masa ƙurjin ciwon daji wata guda da ya wuce. Jama'a, tun a kan babur nake tunanin abin da likita za ta ce.

Daga Ajingi zuwa Gaya ko'ina kore shar, gero ya kai kafaɗa, ramukan hanya kuwa sai ka rantse da gayya aka haƙa su. A tashar Gaya direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru, wai fetur. Yayana ya ja ciniki, ya sha kaye, ya huce a kan ƙosai. Baba koko kawai ya kurɓa, shi ma da gefen baki. Ya kalli mai goro, ya kau da kai. A Wudil masu soyayyen kifi suka cika mana taga, ni ko ƙamshin ban ji ba.

A asibiti likita ta leƙa bakin, ta ce ɗinki ya warke. Sai ta miƙo min hannu. "Ina sakamakon kwalbar?"

Ranar aikin an ba ni wata kwalba da tsokar da aka cire a ciki, aka yi min bayanin da ban riƙe ba don ruɗewa. Mu kuwa a wajenmu, abin da aka yanke daga jikin mutum ƙasa ake ba wa. Na kawo gida, na wanke tsokar, na naɗe ta a farin ƙyalle, na binne a gefen maƙabarta.

"Ranki ya daɗe, na binne."

Sai ta ce ɗakin gwaji aka tura ni in kai kwalbar. A can ake ganin zurfin ciwon, har a auna wasu sinadarai da yake fitarwa, masu narkar da naman da ke kusa su buɗe masa hanya. In suna da yawa, ana tsoron ya gangara wuya, sai a ɗauki mataki tun bai isa ba. Yanzu ba mai sanin irin na Baba. Sai dai a sa ido, mu riƙa zuwa duk wata.

Baba ya dafa ni, da harshen nan nasa mai nauyi ya ce, "Mutunta ni ka yi, ɗan nan."

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya min, in an miƙo maka abu a asibiti, ka yi ta tambaya har ka gane, kada kunya ta hana ka. Yanzu kullum da safe in na durƙusa gaishe shi, sai in shafa wuyansa. Shi yana dariya, ni ina neman kullutu.