Filin Bayan Katanga

Léonie Caudron ta fi shekara hamsin tana yankan pisanli a garinmu, a arewacin Faransa. Ganyen daji ne mai ɗaci, ana yankansa a watan Maris kafin ya yi fure, a ci da dankali da dafaffen ƙwai. Mijinta ya yi aiki a masana'antar narka dalma har ciwon ƙirji ya kashe shi. Daga baya aka rufe masana'antar.

Kowa ya san dokokinta. Ba ta yanka a bakin titi saboda hayaƙin mota, ba ta yanka inda karnuka ke fitsari, ba ta kusantar gonar da aka yi wa feshi. Sau uku take wanke ganyen, na ƙarshe da ruwan tsami. Wuri ɗaya ne ya cika mata sharuɗɗan nan: filin da ke bayan katangar masana'antar, inda ko saniya ba a kiwo. Ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Maƙwabciyarta takan tsokane ta ta taga: "Léonie, akuya ma tana hutawa!"

"Ke dai ci abincin gwangwaninki," in ji ta. "Mu ga wa zai binne wani."

Jikarta Solène, 'yar shekara huɗu, a wurinta take wuni idan iyayen sun tafi aiki. Tun tana shekara biyu take cin ganyen. Bara aka auna jinin yaran unguwar, na Solène ya fi na kowa dalma. Likita ya tambayi abin da take ci, aka ɗebi ƙasar filin da ganyen aka gwada.

Gaétan, ɗan Léonie, uban yarinyar, shi ya kawo takardar sakamakon.

"Mama, a bayan katangar nan kike yankowa?"

"Inda na yanko wanda ka ci ka girma. Ai ka san yadda nake wankewa."

"Har cikin ganyen dalmar ta shiga, Mama. Ko sau ɗari kika wanke."

Har yanzu bakin Solène bai buɗe sosai ba, likita kuma bai yi alkawarin komai ba. An kai ta gidan raino. Ranar Lahadi kawai ake kawo ta, da abincinta a rufe cikin roba, Léonie ba ta ƙara ko gishiri.

Na tambayi Léonie ko tana jin haushin Gaétan.

"Da ni ce shi," ta ce, "ko ƙofar gidan nan ba zan kawo ta ba."