Katin da Ya Yi Sallama Daga Gidan Eino

Kullum da safe Tuulikki Moilanen takan kwashe ƙanƙarar ƙofar gidanta, ta ɗora kofi, ta yanka baƙin burodi, sannan ta zauna gaban wata kwamfuta da ta daɗe da cire wa murfi. A cikinta akwai koren kati mai faɗin tafin hannu, modem ɗin da ke kawo wa ƙauyukanmu na Kainuu intanet ta tsohuwar wayar tarho. Kamfanin da ya ƙera shi ya rushe, ya tafi da sirrinsa. Da aka sabunta tsarin kwamfutoci sai katin ya kurmance a kowane gida, har da gidajen tsofaffin da ke ganin likita ta allo.

Tuulikki ce ta rubuta masa direba, wato manhajar da ke tafinta tsakanin kati da kwamfuta. Ba takardar bayani, ba wanda za ta tambaya. Ta aika wa katin umarni, ta saurari amsarsa, ta gyara, ta sake, har ya buɗe baki. Ke ce kika yi hira da abin da kowa ya ce ya mutu, Tuulikki, mai kunnen jin ƙarfe. Da yardar masu gidajen kuma ta sa kowane kati, in ya farka, ya aiko mata da sallama, don ta san wanda ya lalace.

Reijo mai motar share ƙanƙara daga hanya shi ya ba ni labarin abin da ya faru a tsakiyar sanyin bara. Da hantsi ta kira shi.

"Reijo, gidan Eino ya yi mini sallama."

"Eino da muka binne a lokacin kaka? Ke dai kofin nan ya fara taɓa ki. Ni na kashe wutar gidan da hannuna, na sa wa akwatin wutar kwaɗo."

"To katin bai ji labari ba. Taso da motar."

Suka bi gefen tafki. Ba sawun kowa a kan ƙanƙara, bututun hayaƙi shiru, amma wani shuɗin haske na motsi a taga. Reijo ya tsaya a cikin mota. Ita ta tura ƙofa.

Aune ce zaune a kujerar mamacin, yayarsa da tsufa ya ruɗa wa tunani, wadda ake ta nema a can cikin gari tun jiya. Leɓunanta sun yi shuɗi, murhu a sanyaye. Kwamfuta na kunne, fitilar katin na ƙyaftawa. Tuulikki ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓe ta.

"Aune, wa ya kunna miki wannan?"

"Eino mana. Ya ce in zauna, ya kira ki."

Reijo ya leƙa akwatin wuta. Kwaɗon na nan a kulle, mabuɗin na aljihunsa, makunnin kuwa a sama, a kunne. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da gawa za su ɗauko. Aune ta rayu, tana nan har yau.

Na tambayi Tuulikki me take gani ya faru. Ta ɗaga kafaɗa. "Ni kati na sani. Ya kira, na amsa."

Bana idanunta sun gaji, ta miƙa aikin ga duk mai so, kyauta, ba ta ko sa sunanta a sama ba. Mun gode, Tuulikki. Ku da za ku karɓa, ku koyi halinta kafin manhajarta: in saƙo ya zo daga inda bai kamata ba, kada ku ce kuskuren na'ura ne. Ku sa takalmi ku je ku duba.