Albasar Maigidana

Maigidana bakanike ne a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, giyar manyan motoci yake gyarawa, amma in baƙo ya tambaye shi sana'arsa yakan ce manomi. Gonar tasa ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Tana bayan ɗakinmu a Asokore Mampong, tsakanin katanga da famfo, kuma ita kaɗai ce ƙasar da ta rage a gidan ba a zuba mata siminti ba.

Albasa yake shukawa, ja, ƙanana, mai sa hawaye tun ba a gama ɓare ta ba. Daga ƙauyen babansa a wajen Bawku ya zo da irin, tun kafin mu haifi 'yarmu. An sha gaya masa Kumasi ba garin albasa ba ne, ruwa ya yi yawa, iskar ma a jiƙe take. Bai taɓa musu ba. Ya dai yi ta fama har ya gane kanta.

Saboda ƙarancin wuri, sai ya raba aikin shekara biyu. A shekarar farko ya yafa iri idan ruwa ya ɗauke, ya yi dashe, ya samu albasa. Mu ci wadda za mu ci, shi kuma ya ware masu tauri ya baza a kan ragar ƙarfe da ya yi wa walda da kansa, a ƙarƙashin rumfar kicin. Waɗannan ba mai taɓa su. Dole su ƙetare damina duka da ransu, a mayar da su ƙasa, su yi fure, su ba da sabon iri. Idan suka ruɓe, shi ke nan, domin baƙin irin ba ya ajiyuwa a garin nan, duk abin da ya samu yakan yafa shi kaf.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Da zarar lawashi ya fara kwanciya, sai ya daina ban ruwa gaba ɗaya, har wuyan albasar ya bushe a cikin ƙasa. Yakan ce, "To, sun ɗauki azumi. Wanda ya ba su ruwa ni da shi ne." Albasar da ta sha ruwa a wannan lokaci, ko ta yi kyau a ido, ba ta kai wa ƙarshen damina.

A makon da ya daina ban ruwa ya faɗi a wurin aiki. Kafin in isa asibiti ya cika. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Mutane sun zo, ban san yana da jama'a haka ba. Aka kafa kanofi a bakin titi, aka jera kujeru. Mastocin Magazin, wato manyan makanikai, abokan masallaci, dillalan shanu, 'yan uwa daga Ayigya. Ni ina ɗaki cikin mata, na shiga takaba. Da azahar ta yi washegari, sai na ji ƙarar butoci ta bayan taga. Na leƙa.

Maza ne a tsugune a jere a bakin lambun suna alwala. Tsakar gida mata sun cika ta da tukwane, bakin kwata kuma kujeru sun tare. Mutum mai hankali ba zai zuba ruwa a siminti wani ya zame ba. Ga famfo, ga ƙasa mai tsabta. Wani dattijo da ya gama, sai ya miƙe ya zagaya da sauran ruwan butarsa yana bin gindin albasa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Allah ya kai ladan kabarin mai shi.

Na kira 'yata na raɗa mata. Ta dube ni.

"Mma, in je in ce wa baba-baban nan kada su yi alwala?"

"Ki ce su matsa gefe."

"Wane gefen, Mma?"

Na aika a kira ƙanin maigidana. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ja. Ban gama buɗe baki ba ya ce, "Anti, in dai lambun Yaya ne, ki kwantar da hankalinki. Ba zai bushe ba muna raye. Ni da kaina na zuba masa bokiti biyu da safe."

Na ce, "Ruwan ne ba ya so."

Wata goggonsu da ke kusa da ni ta dafa ƙafata. "Sannu, 'yar nan. Yau ina aka taɓa ganin shukar da ba ta son ruwa? Kwanta ki huta." Sauran matan suka yi ta sannu. Ƙanin ya ja labule ya tafi. Har aka yi addu'ar bakwai ƙasar nan ba ta bushe ba.

Da gida ya yi shiru na fita na tone albasar. Sun yi girma, sun fi na kowace shekara. Wuyansu kauri, ɗanye shar. Na shanya su a inuwa yadda na ga yana yi, na ware masu tauri na baza a kan raga. Suna da yawa. Na ce a raina ko kashi ɗaya cikin goma ya tsira, ya isa.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Kowace safiya nakan je rumfa in bi su da babban yatsa, ina danna wuya. Wadda ta lotsa in cire. Da fari ɗaya ce ko biyu a mako. Daga baya wari ne yake gaya mini tun daga ƙofar kicin. Na canza musu wuri, na barbaɗa toka, na hura gawayi a ƙarƙashin ragar ranar da aka wuni ana ruwa. Wata ka ɗauke ta da ƙarfinta kamar dutse, ka yanka ka tarar da tsakiyar ta zama ruwa.

Ƙanin nasa ya zo wata Juma'a da leda cike da albasar kasuwa, manya, irin ta Nijar. Dama mu abokan wasa ne, kuma yana ta neman ya ga na yi dariya.

"Matar Yaya, ga albasa ta ainihi, ba 'yan ƙwallayenku masu kama da goro ba. Guda ɗaya ta yi miki jalof ɗin biki."

"Kai dai ka san ci."

"Ci sosai paa! Shi na gada." Ya leƙa ragar, ya ga abin da ya rage. Ya ce, "Ruwan nan da muka zuba ne?"

Na ce, "Kumasi ce."

Bai yarda ba, na gani a fuskarsa. A tsaye a wurin ya buga waya ƙauye. Aka ce masa kawunsu da ke riƙe da irin ya daɗe da rasuwa, matasa yanzu na fakiti suke saye a shago, ya fi girma, ya fi kasuwa. Wai za a tambaya a ƙauyukan kusa. Ba a sake kira ba.

Na fita takaba saura 'yan kaɗan a kan raga. Kafin ruwan ƙarshen shekara ya wuce, saura biyu, su ma sun fara tsiro, jikinsu ya saki. Lokacin shuka bai yi ba, amma ba za su jira ba. Na tara ƙasa ta yi tudu, na binne su, na kafa musu guntun kwano don kada ruwa ya doke su. Ɗaya ba ta fito ba. Ɗaya ta fid da ganye uku, tsawon yatsa, suka tsaya haka suna komawa ruwan ɗorawa. Ranar da na taɓa na tsakiya, sai ya biyo hannuna ba tare da na ja ba.

Ban shuka komai a wurin ba tun daga nan. Ciyawa ta rufe shi. Kwanan baya wata 'yar haya a gidan, mutuniyar kirki, ta zo tana kame-kame, wai ko zan bar ta ta sa kontomire, gwazar nan da ake miya da ganyenta, a bayan ɗaki tunda wurin yana zaune. Na shiga na ɗauko mata fartanyarsa.