Katakon da Don Nibaldo Bai Ciza Ba

A garin Illapel, in ka ga dattijo a wurin masu sayar da katako ya ɓalli ɓarɓashi ya kai baki yana taunawa, ba sai ka tambaya ba, Don Nibaldo Carvajal ne. Gajere ne, shekararsa sittin da uku, haƙorinsa ɗaya na gaba ya gutsure tun ranar da ya kai wa wani katako mai ƙusa cizo. Masu shago sun yi masa tsiya har sun gaji. "Don Nibaldo, a kawo gishiri?" Shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Zai tauna, ya juya a harshe, ya tofar, sannan ya ce a auno masa ko ya kama gabansa.

Sana'arsa haɗa kejin cincila, 'yar dabbar nan mai ruwan toka da ba ta kai zomo girma ba, ga kunnuwa fato-fato, ga gashi mai laushin da in ka sa yatsa sai ka rasa ko ka taɓa wani abu. Haƙoranta ba sa daina tsiro, don haka duk abin da aka kewaye ta da shi abin gwaguya ne a wurinta. Roba, fenti, gam, duk sai sun bi ta cikinta. Shi ya sa ƙa'idarsa ɗaya ce tak: abin da shi ba zai iya sawa a baki ba, ba zai shiga kejinsa ba.

Ba da keji ya fara ba. Kakansa maharbin cincilar dawa ne, tun zamanin da ake tura musu hayaƙi cikin ramukan duwatsu, a feɗe su, a sayar da fatun. Ko da Nibaldo ya tashi an daɗe da hanawa, amma tsohon ya ƙi rabuwa da wasu fatu bakwai da ya kafe da ƙusa a bangon ɗakin da suke kwana. Asu ya cinye su, suna wari irin na jiƙaƙƙen takalmi. Ya koyi aikin kafinta yana ɗan shekara sha huɗu. Ya yi ƙofofi, ya yi gadaje, ya yi akwatunan gawa, har manyan kantuna suka cika gari da kayan da ake matsawa daga garin katako da gam, masu kumbura da zarar sun ji ruwa. Aiki ya ja baya. Wata likitar dabbobi ce ta zo masa da zane a takarda, ya haɗa mata keji ɗaya, daga nan aka san shi.

Ƙazantar da ya gani a wannan sana'a kuwa, ba a magana. An kawo masa keji mai daɓen waya, ƙafafun dabbar duk gyambo. An kawo wadda aka yi wa wanka da ruwa da sabulu maimakon a ba ta ƙurar da take birgima a ciki, gashinta ya cuɗe yana tsami. Ba ya raga wa kowa. A gaban matarka da 'ya'yanka zai ce maka, "Kai ko kwaɗo bai kamata a ba ka riƙo ba." Mutum ɗaya ne a garin bakinsa ke yi masa nauyi a gabansa, wato Floridor Olivares.

Floridor tsohon direban gonakin inabi ne, shi ya riƙe ɗan Nibaldo na fari ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna compadre, kuma an san compadre ba a kunyata shi a gidansa. Irin mutanen nan ne da suke ganin babu abin da waya da filaya ba za su gyara ba. Matarsa, Doña Uberlinda, ciwon suga ya cinye mata ido shekara uku ke nan. 'Yarsu da ke Santiago ta kawo mata cincila ta kiwo, aka sa mata suna Perlita, kuma tun daga ranar matar da ta daina magana ta dawo tana hira. Wuni take da dabbar a cinya, tana shafa ta, tana ba ta labarin unguwa.

Wata Lahadi da la'asar aka gayyaci Nibaldo shan shayi, ranar bikin shekara-shekara na waliyyiyar da Doña Uberlinda ta ci sunanta. Maƙwabta sun cika falo, ga burodi da fiya da cukun akuya a tebur. Tun daga ƙofa hancinsa ya gaya masa akwai matsala. Floridor ya tafa hannu, ya je lungu, ya yaye wani zanen gado.

"To maigidan keji, zo ka ga aikin ɗalibi. Sati biyu ke nan tana ciki, na ɓoye maka don in ga idonka."

Nibaldo ya matsa ya leƙa. Daɓen kejin na garin katakon nan ne, fitsari ya jiƙa shi ya kumbura ya yi baƙi, ƙananan ƙudaje na tashi daga gefe. Raga irin ta kaji ce, bakin wayoyin duk a tsaye. An shafe ginshiƙan da jan fenti mai maiƙo, ragowar na ƙofar gida. Amma duk wannan wasa ne. Benayen da dabbar ke tsalle a kai, guda uku, na koren katakon nan ne da ake dafawa da guba don turakun inabi, wanda gara ma ba ta kusanta. Perlita ta riga ta gwaguye rabin na sama, tana zaune a kai da koren gari a gashin bakinta.

"Yaya ka gani?" in ji Floridor, yana washe baki. "Shekara ɗari wannan katakon ba zai ruɓe ba."

Kowa ya zuba wa Nibaldo ido. Ya dubi amininsa, ya dubi maƙwabta, ya dubi Doña Uberlinda da ta karkato kunne tana murmushi. Bakin nan da ya zagi rabin gari sai ya kulle.

"Ka sha aiki, compadre," ya ce, ya koma ya zauna. Shayin ma kasa sha ya yi.

A hanyar gida ya yi ta tofar da yawu yana shirya dabara. Zai haɗa sabon keji, ya kai a matsayin kyautar biki da ta makara, babu wanda zai ji kunya. Kwana biyu ya isa. Da a ce ma ya koma da safe ya ja Floridor gefe ya ce a cire benayen nan, ko a mai da ita kwalin da aka kawo ta ciki, ai da an wuce wurin. Amma ina, shi Don Nibaldo ba ya zuwa da magana, da aiki yake zuwa.

Litinin ya ciji katakon alamo a shago biyu, ya ce ɗanye ne. Talata ya samu busasshe, sai ragar ƙarfen da aka kawo masa ta zo da wani farin gari a jiki, ya lasa, ya mayar aka canja masa. Laraba ya yanka, ya goge kowane gefe da samfefa har sai da ya bi da leɓensa bai ji ƙaya ba. Ya ɓoye kan kowace ƙusa ta waje. Ya sa a lanƙwasa masa tiren ƙarfe da za a riƙa zarowa a wanke. Alhamis ya tafi har gonar wani abokinsa neman reshen tuffa da ba a taɓa yi wa feshi ba, don ta samu abin gwaguya. Shi kansa ya san bai taɓa yin keji mai kyan wannan ba, har yana jin daɗin yadda fuskar Floridor za ta yi.

Juma'a da hantsi ya ɗora shi a baro ya tura har ƙofar gidan. Ya tarar da Floridor a tsakar gida yana wanke shebur, tsohon kejin na jingine da bango, babu komai a ciki.

"Jiya da rana ta mutu," in ji Floridor, bai ɗago ba. "Tun Talata ta daina cin abinci, sai zawo, sai dalala. Likita ta ce wani abu ta ci."

Nibaldo ya saki baron. Ya finciko benen sama na tsohon kejin, ƙusa da komai, ya ɗaga shi a fuskar amininsa, duk abin da ya haɗiye ranar Lahadi ya fito.

"Wannan ta ci. Guba ce, Floridor, gubar da ake kashe gara da ita. Wane marar imani ne ya sayar maka da wannan ƙazanta bai tambaye ka me za ka yi da ita ba? Faɗa mini sunansa, yau sai ya tauna ta a gabana."

Floridor ya ajiye shebur ɗin.

"Ba saya na yi ba, compadre. Na zo na ce ina son guntaye, kana yanka, ka ce in je bayan shago in ɗibi abin da nake so."

Nibaldo ya juya katakon. Ga awo nan da jan fensirinsa, da irin bakwai ɗin da yake rubutawa mai sanda a tsakiya, ragowar wani shinge da ya yi wa gonar inabi bara. Ya tuna ranar sarai. Ko kai bai ɗago ba, hannu kawai ya kaɗa masa. Ya kai katakon baki a daidai inda haƙoran Perlita suka tsaya, ya ciza. Ɗaci da ɗanɗanon tsatsa suka cika masa baki, ya tsaya da su bai tofar ba, don a lokacin babu abin da yake ƙyama a duniya kamar kansa.

Doña Uberlinda ta fito tana lalube da bango. Hannunta ya ci karo da sabon kejin a kan baro. Ta bi shi a hankali, ta shafa benayen, ta zaro tiren ta mayar, ta taɓa reshen tuffa ta shinshina.

"Sumul," ta ce. "Da ta ji daɗinsa. Yaushe ka fara shi, compadre?"

"Litinin, comadre."

Ta gyaɗa kai, hannunta na kan katakon.

"Na ji shirun da ka yi ranar Lahadi, kafin ka amsa masa. Ni ba ido gare ni ba, sai na ce a raina, tunda Don Nibaldo ya gani bai yi faɗa ba, Perlita tana wuri mai kyau."