Madigadin da Ermes Ya Buga

Adelmo Bergonzini bai taɓa iya tuƙi sosai ba, ko da yake ya shekara sittin da huɗu yana ƙera jikin motocin da attajirai suke rububi. A keke yake zuwa aiki, a keke yake komawa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya shiga wata ƙaramar maƙera a bayan tashar jirgin ƙasa ta Modena, inda ake ɗora fallen alminiyam a kan kututturen itace, a yi ta bugu da guduma har ya zama ƙofa ko madigadi, wato murfin da ke saman taya. Ƙarar gudumar ta cinye masa kunnen hagu tun kafin ya yi aure, shi ya sa matarsa Iole takan zagaya ta dama idan tana son ya ji, ta tsaya ta hagu idan tana son ta yi masa faɗa cikin kwanciyar hankali.

A maƙerar nan ba mutum ɗaya yake buga mota ba. Al'adar gidan ita ce a raba ta biyu, wani ya ɗauki gefen hagu, wani gefen dama, kowa da kututturensa, su haɗu a tsakiya. Adelmo ne na hagu. Na dama shi ne Ermes Malavasi, bahago, mai taurin kai, wanda bai yarda da ma'auni ba sai idonsa. Shekara ashirin da biyu suka yi tare, kusan kullum suna musu a kan wanda gefensa ya fi kyau. Madigadin Ermes yakan ɗara na Adelmo tudu da kamar faɗin yatsa guda. Mai maƙerar ya sani, masu saye kuma ba su damu ba, domin babu mai iya kallon gefe biyu na mota a lokaci ɗaya. Daga baya aka rufe maƙerar, Ermes ya rasu, Adelmo ya koma gyaran tsofaffin motoci shi kaɗai a wani gareji da ke bayan gidansa.

A can ne Injiniya Tassinari, mai masana'antar tayil a Sassuolo, ya kawo masa wata shuɗiyar mota da ya sayo daga rumbun wani manomi. Ƙirar 1963 ce, ɗaya daga cikin tara da maƙerar ta fitar a shekarar. Kaji sun kwana a cikinta, tsatsa ta ci ƙasanta, amma da Adelmo ya zura hannu ƙarƙashin madigadin dama, ya ji tabon gudumar nan da ke gangarowa a karkace, irin na bahago, sai da ya nemi kujera ya zauna. Wata goma sha ɗaya ya yi a kanta. Bai canza komai ba sai abin da ya ruɓe, bai shafa filar cike lotsawa ko cokali ɗaya ba, kuma gefen Ermes bai taɓa shi da guduma ba, wanke shi kawai ya yi.

Ranar karɓa, Injiniya ya zo da wasu mutane biyu ɗauke da na'urar awo. Suka zagaya motar, suka duba allonsu, suka ce gefen dama ya fi na hagu tsayi da santimita biyu.

"Baba, ko dai tabarau ɗin nan na son canji?" in ji Injiniya, yana murmushi. "Ni a masana'antata, tayil ya kauce da kaurin gashi, bola ake zuba shi."

"To ai wannan ba banɗaki ba ne, Injiniya. Mota ce."

Adelmo ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce haka ta fito daga maƙera, ya faɗi sunan wanda ya buga wancan gefen, ya ce masu sanin tsofaffin motoci wannan bambancin suke nema, domin shi ne shaidar cewa hannu ya yi aikin. Injiniya ya saurara kamar yadda ake sauraron tsoho a gidan biki, sannan ya ce kowane ma'aikaci in ya yi kuskure yakan laƙa wa matacce. Ya ce a daidaita. Adelmo ya ce ba da hannunsa ba. Washegari aka zo da babbar mota aka ɗauke ta zuwa wani gareji na zamani da ke wajen Brescia, inda suka yanke madigadin Ermes, suka sa inji ya fitar da sabo, kwafin na hagu sak.

Maganar ta riga shi isa shagon kofi inda yake karta da rana. Injiniya ya baza cewa idon tsohon ya mutu. Abokan kartar ba su raga masa ba. In ya ɗauki kwalbar ruwan inabi zai zuba, sai wani ya ce a riƙe masa kofi, kada gefe ɗaya ya fi tudu. Mutum biyu da suka yi alkawarin kawo masa motoci suka daina ɗaukar waya. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Brescia don ya roƙi tsohon madigadin, ko da saye ne. Manajan garejin ya ce ai mako uku ke nan da masu kwasar ƙarafa suka tafi da shi wurin narka, ya ba shi kofi ya sha, ya kuma ba shi kyautar hula mai ɗauke da sunan garejin. Adelmo ya ajiye hular a kan teburin ya fito.

Da bazara ta yi, mai kantin magani na unguwar, wanda yake cikin abokan kartar, ya kawo masa littafin wani gwanjon tsofaffin motoci da za a yi a Padova. Ga shuɗiyar motar a shafi guda cur, a ƙarƙashinta an rubuta cewa hannun da ya ƙera ta shi ne ya gyara ta, daga hanci har wutsiya, ga sunan Adelmo da manyan baƙaƙe. Wato sunan da aka ce idon mai shi ya mutu, shi aka kafa don a ɗaga farashi. Sauran labarin ya fi wannan muni. Wani Bajamushe mai binciken motoci ya duba ta, ya kwatanta da tsofaffin hotuna, ya rubuta cewa an cire madigadin asali, don haka darajarta ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da masu saye suka tambayi Injiniya, sai ya ce shi mutumin tayil ne, bai san ƙarfe ba, abin da tsohon ya yi masa shi ya karɓa.

Jiya an zarge shi da barin gefen a karkace, yau ana zarginsa da miƙe shi. Iole ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya ture farantin taliya ba sai ranar.

Ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi, Iole ta bi shi, suka isa Padova ranar da ake barin masu saye su duba kaya. Ya tarar da Injiniya a tsaye kusa da motar, Bajamushen da shugaban gwanjon suna gefe. Bai gaishe da Injiniya ba. Ya faɗi sunansa, ya roƙi Bajamushen ya zura hannu ƙarƙashin madigadin hagu, sannan na dama. Mutumin ya durƙusa ya yi hakan. Na hagu duk tabo ne, na dama kuwa sumul kamar faranti.

"Shekara sittin da huɗu ina barin tabon guduma a bayan ƙarfe," in ji Adelmo. "Yaushe na koyi wannan santsin? Ko inji gare ni a bayan gida ban sani ba?"

Injiniya ya ja shi gefe, ya rage murya. Ya ce a bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Ya ce zai janye motar, Adelmo ya buga wani madigadin da tudun da aka saba, ya kwaikwayi hannun marigayin, a ce an gano na asali a wani sito. Ladan kuwa ya faɗi ko nawa ne.

"Ɗaga murya, ranka ya daɗe," in ji Adelmo. "Mutanen nan ba su ji yadda za a yi musu ba."

Injiniya ya ciro wayarsa ya shiga dubawa, kamar wanda aka kira.

Adelmo ya ce wa shugaban gwanjon a gyara rubutun, a ce gefen hagu da ƙasan motar ne aikinsa. Shugaban ya ba da haƙuri, ya ce ba su da hurumin raba aikin mota gida-gida a kan maganar baki, tunda mai motar bai kawo takardar wani gareji ba. Ko dai sunan ya zauna yadda yake, ko a cire shi gaba ɗaya. Adelmo ya dubi motar. Aikin wata goma sha ɗayan nan shi ne mafi kyau da ya taɓa yi, kuma ya san ba zai sake yin irinsa ba. Ya ce a cire.

Bai gusa ba sai da aka buga sanarwar cire sunansa, aka manna ta a gilashin gaba. Washegari motar ba ta kai farashin da Injiniya ya sa ba, aka mayar da ita Sassuolo a lulluɓe.

A jirgin ƙasa na komawa gida, Iole ta tambaye shi ko ya huce. Ya ce bai huce ba. Ya ce abin da ya samu kawai shi ne an daina yi masa ƙarya, amma aikin Ermes yanzu yana can ya zama tukunya a kicin ɗin wani, ana dafa wake a ciki.