Duwatsun Rafi a Tanderun Kande

A gidanmu na Samaru ba a bakin murhu muke jin tatsuniya ba, a bakin tanderu muke ji. Kakata Saratu burodi take gasawa, a wani tanderun ƙasa da ta gina da hannunta a bayan ɗaki. Idan ta kwashe gashin yamma, masu talla sun ɗauka sun watse, sai ta jawo garwashin bakin ƙofa ta tura mana masara ko dankali a ciki. Ni da ƙanena Yohanna da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye ta, ƙamshin burodi bai gama barin kayanmu ba.

Ido ɗaya gare ta. Na hagun ya lotsa ya rufe, ga wani tabo da ya taso daga girarta ya gangara har kunne. Ba mu taɓa tambaya ba, don a wurinmu haka fuskar kaka take. Mace ce mai barkwanci, Yohanna take kira maigidanta, tana yi masa tsiyar ya kasa kawo cefane, ni kuma ta ce ƙawarta. Amma tana da doka ɗaya da ba ta wasa da ita. Za ka iya jefa bawon rake a wutarta, ko ɓawon gyaɗa, ko tsohon takalmi ma idan ka shirya shan zagi. Dutse ne ba ka isa ba.

Tana da tatsuniyoyi masu daɗi, amma wadda ta zauna mini ita ce ta Kande. Ba kullum take ba da ita ba. Ranar da za ta bayar, ba ta tsokanar kowa.

"Ta iso, ku matsa mata," haka take farawa.

Mu kuma mu ce, "Ta zauna mu ji."

Wai a wani gari da ke tsakanin tudu da rafi an yi wata mace mai suna Kande. A zamaninta kowa a fili yake gashi, wuta ta cinye itace, abinci ya ƙone a waje cikinsa ɗanye. Kande ce ta zauna ta yi tunani, ta gina ɗan ɗakin ƙasa mai ƙofa, ta shimfiɗa duwatsu a ƙasansa. Duwatsun su sha zafi su riƙe, a janye wuta, a sa kwaɓi a rufe. Da itace kaɗan sai ta gasa abin da zai ciyar da kasuwa. Sunanta ya zaga gari, aka daina cewa gurasa, sai dai a ce ta Kande.

To, mutane suna da ido. Wata maƙwabciyarta ta leƙa ta katanga, ta je ta gina irinsa. Kande ta ɗauki taɓarya ta shiga gidan ba sallama. Ta rusa ginin, matar ta riƙe ta, ta juyo ta sauke mata taɓaryar a baki. A nan kaka takan ɗaga yatsu ta nuna mana yadda haƙora suka zube a ƙasa, mu kuma mu kama bakinmu. Wata ta sake ginawa, Kande ta karya mata hannu. Ta uku ta ja ta da gashi har bakin rijiya, sai da maza suka ɓamɓare ta. Dagaci ya kira ta, ta ce masa, "Kaina ne ya haifi abin nan. Wanda ya sata, ɗana ya sata."

"Kuma ba ƙarya ta yi ba," in ji kaka. "Ku riƙe wannan. Nata ne."

Da ta ga duka ba ya hana mutane, sai ta sake dabara. Duwatsun da take shimfiɗawa na kan tudu ne, busassu, a ɓoye take ɗebo su ba wanda ya sani. Amma sai ta shiga zuwa rafi da rana tsaka, gaban kowa, tana tsamo duwatsu masu santsi daga cikin ruwa, ta ɗoro su a kai ta ratsa kasuwa da su. Idan ta shiga gida ta zubar da su a bayan rumbu. Ta sani sarai dutsen rafi yana da ruwa a cikinsa. Idan wuta ta ratsa shi, ruwan ya tafasa ya rasa hanyar fita, sai dutsen ya tarwatse.

Wata mata ta bi sawunta ta ɗebo. Ranar da ta hura wuta, tanderun ya fashe, ɓarin dutse ya yanke mata jijiyar ƙafa, ta ƙare rayuwarta tana jan gindi. Gari ya ɗauka iskoki ne ke gadin tanderun Kande. Ba wanda ya ƙara kwaikwaya. Kande ta samu abin da take so, ta yi ƙiba, ta yi zannuwa.

Tana da 'ya'ya biyu, yarinya da ta fara tasawa da wani ɗan yaye. Ko su ba ta gaya wa ba, don tana cewa bakin yaro ba ya da marfi. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita, ga ƙasan tanderun ya farfashe yana son gyara. Yarinyar ta ce bari ta faranta wa uwarta. Ta goya ƙanenta, ta je inda ta saba ganin uwarta na zuwa, ta zaɓo masu kyau, masu santsi. Ta shimfiɗa su tsaf yadda ta gani ana yi. Ta sauke yaron ta zaunar da shi a bakin tanderu don ya ji ɗumi, ta hura wuta, ta durƙusa tana fifita.

Kaka takan yi shiru a nan, sai ƙarar masara a garwashi. Sannan ta tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya, duk mu zabura ko da mun san zuwansa.

Ɓari ɗaya ya shiga idon yarinyar ya tsaga fuskarta. Wani ya samu yaron a maƙogwaro, ko kuka bai yi ba. Kande ta fito da rarrafe, ta tarar da ɗanta jini na tsartuwa daga wuyansa yana sauka kan garwashi. Ta tura hannuwanta biyu cikin wutar tana tono duwatsun tana jifa da su, naman hannunta na ƙonewa, tana ihu tana gaya wa duk wanda ya taru, "Na tudu ne! Na tudu ake sawa!" Ta faɗa wa gari duka a ranar da faɗin bai amfani kowa a gidanta ba.

"Ta tashi ta tafi," in ji kaka. "Ku kwashe masararku."

Mu yara abin da muka ɗauka shi ne dutse yana fashewa, kuma abin ya ba mu sha'awa fiye da tsoro. Yohanna, da yake kansa da tauri tun yana ƙarami, ya tsinto wani dutse a rafin Kubanni ya ɓoye a aljihu. Wata yamma kaka ta juya baya, ya cusa shi cikin garwashi yana ƙyafta mini ido. Ban san yadda ta gani da ido ɗayan nan ba. Da hannu ta tsamo dutsen ta wurga shi bayan katanga. Sannan ta fizgi itacen da take jan garwashi da shi ta rufe Yohanna da duka, baya, cinya, hannu, duk inda ta samu. Maigidan nata, wanda ko harara ba ta taɓa yi masa ba. Leɓensa ya fashe, ya yi fitsari a wando, ba ta tsaya ba sai da mahaifiyarmu ta rungume ta ta baya tana cewa, "Mama, za ki kashe shi! Don Allah, Mama!" Sai ta zube a ƙasa tana wani irin kuka da ban taɓa jin babba ya yi ba. Na tsane ta a ranar, na yi kwanaki ba na cin burodinta.

Sai da ta rasu, muna dawowa daga maƙabarta bayan an gama addu'a, mahaifiyarmu ta ce mini a hankali, "Sunan ƙanen kakarki Bulus. Ita ta goya shi zuwa rafin." Na tsaya cak a kan hanya. Shekara da shekaru ina kallon tabon nan ina jin labarin nan, ban taɓa haɗa su ba.

Ƙamshin burodin bai sake ni ba. Na karanta injiniyanci, na buɗe shago a Sabon Gari muna ƙera obin, wato tanderun ƙarfe mai aiki da gas, don masu burodi da kek. Yohanna ne ke kula da masu walda. Na ƙirƙiro wani tsari na raba zafi daidai a kowane hawa, gas kaɗan ya yi aiki mai yawa. Na sha wahalarsa, na ƙona faranti ba adadi, na ƙona gashin girata. Na yi masa rajista, hukuma ta ba ni takardar da ke cewa fasahar tawa ce, ba mai ƙera irinta sai da izinina. Takarda ba ta hana masu waldan Sabon Gari komai ba. Mutum zai shigo kamar mai saye, yana taya kuɗi yana auna obin ɗin da tafin hannu. Bayan sati biyu ka ga ɗan'uwansa a bakin titi an shafa masa fenti. Na ji abin da Kande ta ji, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da na ga wani a unguwar Palladan, hannuna har ƙaiƙayin guduma yake.

A ƙasan obin ɗina, ta baya, akwai jerin ƙananan huji. Idan gas ya tsiyaya kafin a kunna, ta nan yake zubewa ya fita, don ya fi iska nauyi. Idan babu su, taruwa zai yi a ciki yana jiran ashana.

Wata safiya Yohanna ya shigo ofis yana dariya.

"Yaya, na gama da Sunday mai walda."

"Ka yi masa me?"

"Obin ɗin da muke ajewa a gaban shago, na liƙe hujin da farantin ƙarfe na shafe da fenti. Yaronsa ya zo ya auna tsaf. Jiya na wuce na ga sun gama guda. Bari ɗaya ya tashi da su, mu ga wanda zai ƙara sayen na jabu."

Na dubi tabon da ke leɓensa, wanda itacen kaka ya bar masa. Ban san lokacin da na kwashe shi da mari ba, gaban yaran shagonmu.

"Ka ratsa kasuwa da dutsen rafi, Yohanna," na ce masa.

Dariyar ta mutu a fuskarsa. Na tare ɗan acaba ko mayafi ban ɗauka ba.

Na tarar da obin ɗin a bakin rumfar Sunday, an haɗa masa tukunyar gas za a gwada wa wata mata mai saye. Matar tana tsugune a gaban ƙofarsa tana leƙa ciki, da goyo a bayanta, ƙafafun yaron na lilo. Yaron shagon ya riga ya murɗa gas yana laluben ashana a aljihu. Na bangaje shi ya faɗa kan tarin ƙarafa, na rufe tukunyar, na fizgo matar baya har ta zauna a ƙasa, ɗanta ya tsala ihu. Sunday ya taso da sandar ƙarfe a hannu.

"Madam, kin zo faɗa ne? Ba ke kaɗai Allah ya ba kai ba!"

Ya ɗaga ƙarfen, mutane suka riƙe shi. Na buɗe ƙofar obin ɗin, warin gas ya bugi kowa, aka ja da baya. Na ce a kifa shi. Na ɗauki allin da suke zane da shi, na durƙusa a ƙasa na zana wa Sunday inda kowane huji zai zauna da faɗinsa, na gaya masa dalili da ƙarfi yadda duk masu waldan layin za su ji.

Ya sauke ƙarfen yana kallona. "To me ya sa kike nuna mini?"

"Ɓarawo ne kai, kuma sai mun haɗu a kotu," na ce. "Amma ka huda shi tukuna."

Har yau ana satar fasahata, har yau yana ƙona mini rai, ban zama waliyyiya ba. Sai dai na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa kaka take tsayawa ta ce mana, "Nata ne." Ba ta taɓa cewa uwarta ba ta da gaskiya a kan tanderun ba. Ita ma da shi ta ci abinci har ta mutu. Abin da ba ta yafe ba shi ne shirun. Duk wanda ya zo koyon gini a wurinta, kafin ya taɓa ƙasa sai ta kai shi tudu ta nuna masa dutsen da ake ɗauka.

Da na dawo shago ranar, labari ya riga ni isowa, na tarar Yohanna ya kwantar da obin ɗin gaban shago yana ɓamɓare farantin da kansa. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "Yaya, da goyo a wurin?"

Na ce, "Da goyo."

Ya ajiye gudumar, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuskarsa da hannu biyu.