Kwanan Asabar Da Ya Ƙi Goguwa

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni a garin Jos, shekara bakwai ke nan ko takwas, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba, wanda ya ga dama ya yarda. Lokacin ina aiki a wani kamfanin sayar da magungunan gona a Kano, sai ogan namu ya ce ma'aikata sun gaji, za a kai mu yawon buɗe ido Jos na kwana uku, Laraba zuwa Juma'a, da bas guda da wani mutum mai yi mana jagora, Asabar da safe a juyo gida. Kowa murnar sanyi da duwatsu yake yi, ni kuwa tunda aka ambaci Jos gabana ke faɗuwa, domin a nan aka haife ni, kuma tun shekarar da babbar kasuwar Terminus ta ƙone da shagon ɗinkin babana a ciki, muka kwashe muka koma Kano, ban sake taka garin ba.

To akwai wata mata a Jos da nake kira Ngo, wato uwa a yarensu na Birom. Kirista ce, gidan haya ɗaya muka zauna da su a wani lungu gefen Titin Bauchi. Da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo, ruwan nono bai zo ba, sai Ngo ta ɗauke ni ta haɗa da ɗanta Davou da ya girme ni da wata biyu, shi ta ba shi na dama ni ta ba ni na hagu, shi ya sa har na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Na Hagu. Wannan matar ta goya ni, ta yi mini wanka, ta dake ni in na yi ƙiriniya, amma ni ɗan butulci na yi shekaru ban leƙa ta ba, kullum sai in ce bari abubuwa su lafa, bari in sami hutu, bari in tara abin da zan riƙe mata. Kewarta nake yi ƙwarai, ba na ɓoye muku, amma kunya ta yi mini katutu.

Ƙa'idar tafiyar ita ce, kwana ukun nan kamfani ya kama wa kowa, wanda yake son ƙari kuwa shi zai je ya faɗa da bakinsa a hotal. Ƙaramin hotal ne wajen Rayfield, ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba kwamfuta suke amfani da ita ba, wani ƙaton littafi ne, ƙarin kwana da fensir ake rubuta shi saboda mutane na canza ra'ayi. Muna sauka na je wurin yarinyar da ke karɓar baƙi, Rifkatu sunanta, na ce ta ƙara mini kwanan Asabar, in abokan aiki sun tafi ni zan tsaya in nemi uwata. Na ga ta rubuta da idona.

Ranar Laraba da rana jagoran ya tsaya da mu a Terminus yana ba da tarihin kasuwa, ni da na san tarihin fiye da shi sai na sulale na shiga layin teloli, Allah da ikonsa na yi kiciɓis da Malam Sale, abokin babana, ya tsufa tukuf amma yana kan keken ɗinki. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen Kano na ce masa ina Ngo take yanzu, sai ya saki keken ya dube ni ya ce ashe ban ji ba, ai ta rasu yau kusan mako uku, shi ma a bakin wani ya ji, su Ngo sun daɗe da tashi daga unguwa bai san inda suka koma ba.

Kai, na rasa inda zan sa kaina. A nan ne na yi kuskuren da ɗan Musulmi kaɗai zai yi, domin mu in an ce mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, sai kawai raina ya ba ni ai shi ke nan, ta yi mako uku a ƙasa, me zan tsaya yi kuma, da wane ido zan dubi Davou. Ni da na tashi cikinsu, amma shekarun Kano sun mantar da ni yadda suke yin nasu. Muna komawa hotal na ce wa Rifkatu ta soke kwanan Asabar, zan bi bas. Ta ɗauki magogi ta goge tas, har ta hure burbushin.

Ranar Alhamis aka kai mu kallon duwatsun nan da suka hau kan juna da tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, mutane na ta ɗaukar hoto, ni ina tsaye kamar dogari. Da muka dawo wajen ƙarfe biyar na je karɓar makulli, sai Rifkatu ta ce mini cikin fara'a, da Hausarta irin ta Jos, wai Mamana ya zo ɗazu da rana, ya ce a mayar mini da kwanan Asabar, ta kuma mayar. Na leƙa littafin, ga shi nan kuwa da fensir. Ni mutum ne mai saurin fushi, ba na musu, sai na ɗauka dabarar 'yan hotal ce ta riƙe baƙo, na hau yarinyar nan da faɗa, na ce uwata tana Kano kan tabarmarta, ba ni da kowa a garin nan, ta goge yanzu-yanzu. Ta goge, idonta ya yi ja, ta ce ita dai abin da aka gaya mata ta yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zaga da mu wajen wani ruwa mai faɗowa daga dutse, muka dawo da la'asar sakaliya, rana tana nan fes, 'yan aikinmu na ta hayaniya a harabar hotal. Ina shiga Rifkatu ta miƙe tun kafin in yi magana, ta ce Oga ka yi haƙuri kar ka yi mini faɗa, matar ta sake zuwa ta sa an mayar da kwanan, kuma wannan karon ta bar saƙo. Sai ta sunkuya ta ɗauko kwanon sha mai murfi, an ɗaure shi da tsohon ɗankwali, ta ajiye a gabana. Na taɓa na ji da zafi.

Na ce ta kwatanta mini matar. Ta ce gajeruwa ce, tsohuwa, da koriyar rigar sanyi mai maɓallai, kuma a bayan hannunta na hagu akwai tabon ƙuna mai faɗi. Tabon nan ni ne sanadinsa, ina rarrafe na jawo butar ruwan zafi ta tare da hannunta. Na ce to me ta ce. Rifkatu ta ce ta maimaita mata sau biyu don kar ta manta:

“Ki gaya wa Na Hagu ba a tafiya ba sallama. Gobe ina jiransa.”

Sannan ta miƙo mini 'yar takarda da ta rubuta sunan wani ƙauye can gaba da Rayfield, da inda ake shiga motarsa, wai matar ce ta faɗa mata. Wallahi tallahi duk Kano ba wanda ya san wannan sunan nawa sai mahaifiyata, ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Na shiga ɗaki na kwance ɗankwalin, gwate ne, wato faten acca da yakuwa da gyaɗa, yana tururi. Kun san gwaten Jos ba ya rasa gauta, amma wannan babu ko ɗaya, an tsince, domin tun ina yaro ba na son ɗacinta, Ngo takan zauna ta tsame mini ita ɗaya bayan ɗaya tana mita wai na fiye tsirfa. Tsoro ya ce kar in ci, kewa ta fi ƙarfinsa. Na yi bisimilla na cinye ina kuka kamar ƙaramin yaro, har na suɗe kwanon.

Asabar da safe bas ta tashi ba ni, abokan aiki na ta tsokanata wai na yi budurwa a Jos. Da yake ba a mayar da kwano hannu sake, na sayi sukari da sabulu na zuba a ciki, na ɗaure da ɗankwalin, na shiga motar da aka kwatanta. Muna isa ƙauyen na hangi rumfuna da kujerun roba, mata sanye da zane iri ɗaya suna waƙar coci, ga hoto an liƙa a jikin bishiya, Ngo ce da koriyar rigar sanyinta. Sai a lokacin na tuna cewa su gawa ajiye ta suke yi a asibiti har 'ya'ya da dangi su hallara. Ashe ba a binne ta ba, ranar ce jana'izar.

Wani mutum mai furfura a gemu ya fito daga cikin gida, ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, sai ya ce, “Na Hagu?” Davou ne. Muka rungume juna. Da ya samu numfashi ya ce tun tana asibiti take cewa kar a sa ta a ƙasa sai 'ya'yanta sun cika biyar, su kuwa huɗu ta haifa, sun nemi lambata har sun gaji, mako uku suna ɗaga rana, daga ƙarshe dangi da fasto suka ce ba za a wuce wannan Asabar ba. Ya tambaye ni wa ya gaya mini, na dai miƙa masa kwanon. Ƙanwarsa da ke tsaye ta karɓa ta juya gindinsa, ga ɗigon jan fenti uku irin alamar da Ngo ke yi wa kwanukanta don kar su ɓace a gidan biki. Ta ce kwanon nan a ɗakin Ngo yake, kuma ɗakin a kulle yake tun ranar da aka kai ta asibiti, makullin na ɗaure a bakin zanen ita ƙanwar.

Da aka zo ɗaukar akwatin Davou ya kama gaba ta dama, ya nuna mini ɗaya gefen da haɓarsa, na kama hagu, haka muka kai ta har bakin kabari. Ni Musulmi ne, ban san waƙoƙinsu ba, a zuciyata kawai nake ce mata na zo Ngo, na makara amma na zo, ki yafe mini.

Na koma hotal na kwana kwanan nan da sau biyu na sa aka goge shi. Da safe na ba Rifkatu haƙuri, na nuna mata takardar jana'izar mai hoto, ta duba ta yi murmushi ta ce ai ga Maman nan, ta tambaye ni ko na same ta lafiya. Sai da ta karanta rubutun ƙasan hoton ta nemi kujera ta zauna.

Ni ba malami ba ne, ban san mene ne ya zo hotal ɗin nan da rana tsaka har sau biyu ba, na tambayi masana kowa da abin da ya ce, na bar wa Allah saninsa. Abin da na sani shi ne har yau in na ji ƙamshin yakuwa a kan wuta sai tsikar jikina ta tashi, kuma na sha zuwa Jos bayan nan na sa a yi mini gwate, ban sake samun mai ɗanɗanon wancan ba. Shawarata gare ku, in akwai wata tsohuwa da ta taɓa goya ku a wani gari, kar ku jira hutu ko kuɗin tsaraba, ku shiga mota ku je tun tana iya buɗe muku ƙofa da hannunta. Ni tawa sai da ta mutu sannan ta biyo ni da kwano.